Iyayen Kore Mairuwa, Ku Duba Ƴaƴanku Tun Ƙwaya Ba Ta Kayar da Su Ba

Jama'ar Kore Mairuwa, da ku nake magana. Mutanen Tibiri da Dumega, na Dogon Dutsi da Matankari, da duk ƙauyukan Dallol Mawri, ku ma ku kasa kunne.

Inna, yaushe rabonki da ki dubi idon ɗanki da kyau? Baba, ƙarfe nawa ɗanka ya shigo gida daren jiya? Ya ci tuwon da aka aje masa? Ya yi barci? Amarya, me kika tarar a aljihun maigidanki ranar da kika yi masa wanki? Yaya, su wa ƙanenka ke zama da su a fada? In ba ku da amsa, ku tashi ku nemo ta yau. Kada ku ce sai gobe.

Ƙwaya ta shigo ƙasar Arewa. Tana cikin tiren mai tallar magani. Tana cikin kofin shayi. Tana cikin aljihun ɗan kabu-kabu da na ɗan ƙwadago. Kuma kafin ta kayar da mutum, sai ta yi watanni tana nuna kanta a cikin gida. Uwa ta gani, uba ya gani, kowa ya kama bakinsa don kunya. Wallahi wannan shirun ya fi ba ni tsoro fiye da ƙwayar kanta.

Ku dubi inda muke zaune. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Yamai, ta bi Dosso, ta ratsa garinmu, ta wuce Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. Dare da rana motoci na kai da kawowa. Gabas da kudu da mu iyakar Najeriya ce, jihar Kebbi, su Kangiwa, inda muke da dangi da kasuwa. Da an cire amfanin gona samarinmu sun tafi bida, wasu Legas, wasu Kano, wasu Kwatano, wasu wuraren haƙar zinariya. Hanyar da ke kawo mana abinci da ciniki, ita ce kuma ke kawo wannan masifa.

Kada wani ya ce abin ƙarami ne. A watan Maris na 2021 hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasarmu, OCRTIS, ta kama tan 17 na sarrafaffiyar tabar wiwi a birnin Yamai. A Najeriya, binciken 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14 da dubu 300 sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. Miliyan 4 da dubu 600 daga cikinsu magungunan kashe raɗaɗi irin su tramol suka sha, ba da umurnin likita ba. Tsakaninmu da su akwai katanga? Babu. Gemun maƙwabci ya kama wuta. Me muke jira?

Ku san abin da ake sha

Tramol magani ne na ciwo mai tsanani, na wanda aka yi wa tiyata ko wanda ya karye. Likita na ba da mai lamba 50 ko 100, kuma ba ya yarda babban mutum ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa, za ka ga an rubuta 200, ko 225, ko 250. Ƙwaya biyu ta mai 225 ta riga ta haye iyakar yini. To, yaron da ke jefa uku ko huɗu a cikin shayi fa?

Yanzu ma ba a san abin da ke cikin kwalin ba. A watan Fabrairu na 2025 binciken BBC ya bankaɗo wasu ƙwayoyi da ake yi a Indiya ana kawowa Afirka ta Yamma, masu sunaye irin su Tafrodol da Super Royal-225. An haɗa wani magani da ya fi tramol ƙarfi da wani mai kashe jiki, haɗin da kan tsayar da numfashi. Bayan fallasar, gwamnatin Indiya ta hana yin su. Amma wa ya kwaso waɗanda suka riga suka shigo kasuwanninmu?

Akwai kuma maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta hana yi da shigowa da shi a watan Mayu na 2018. Akwai diyazefam, akwai ekzol, akwai roce. Akwai wiwi. Akwai sholisho, wanda yara ƙanana ke shaƙa a tsumma. Kowanne da irin alamarsa.

Ku dubi jiki

Ku fara da ido. Ku dube shi a inuwa ko a cikin ɗaki. Baƙin tsakiyar idon mai tramol ko kodin yakan tsuke ya koma kamar kan allura, ko da babu haske. Idon mai wiwi yakan yi ja, ya yi nauyi. Me ya sa ɗanki ya daina haɗa ido da ke? Me ya sa yake sa baƙin tabarau bayan magariba?

Ku dubi barci. Yana kwana ido biyu, sa'an nan ya wuni a kwance kamar gawa? Ana cikin magana da shi sai kansa ya langaɓe, ya farka, ya sake langaɓewa? Yana tuƙa babur yana gyangyaɗi?

Ku dubi kwano. Yaron da a da yake share tuwo har ya nemi ƙari, yanzu sai shayi da sigari da kayan zaƙi. Wando ya yi masa yawa. Kumatu sun faɗa. Leɓɓa sun bushe. Yana kukan bayan gida ya ƙi fita kwana da kwanaki. Yana yawan susar hanci da fuska da hannuwa. Yana gumi ko da sanyin asuba.

Ku saurari magana. Harshe ya yi nauyi? Yana jan kalma kamar mai magagin barci? Yana maimaita abu ɗaya? Yana faɗar abu da safe, da yamma ya rantse bai faɗa ba? Yana tafiya yana tangaɗi alhali babu warin giya? Diyazefam da roce na yin haka. Roce ma takan bar shuɗi a harshe. In kun ji warin gam ɗin facin taya a rigar yaro, ko kun ga ƙuraje kewaye da hancinsa da bakinsa, ku nemi tsumman sholisho.

Akwai alamar da ta fi yaudarar mu manoma, domin kama take da abin yabo. Saurayi ya shiga gona tun asuba. Rana ta take, kowa ya nemi inuwa, shi yana nan duƙe. Bai ci ba, bai huta ba. Sai mu ce: kai, wane jarumi ne! A'a, Baba. Tramol ba ya ƙara ƙarfi ko ƙanƙani. Jin gajiya da jin ciwo yake toshewa, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Ka lura da shi washegari. In bai iya ɗaga hauya ba sai ya je ya sha shayi a wani wuri, to ka san abin da ke cikin shayin.

Ku lura da ranar da bai samu ba

Wannan ita ce alama mafi ƙarfi. Wanda ƙwaya ta kama, ranar da ya rasa ta ciwo yake yi na gaske. Hamma ba iyaka. Hawaye da majina kamar mai mura. Ciwon gaɓoɓi da baya. Zawo, amai, murɗar ciki. Rawar jiki, tsigar jiki na tashi. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Kowa ya yi masa magana sai faɗa.

Sai ya ce bari ya je ya dawo. Bayan ɗan lokaci ya shigo garau, yana dariya, kamar ba shi ne ke birgima ɗazu ba. Wane zazzaɓi ne ke warkewa haka? Wace mura ce ke tafiya da zuwa bakin tasha?

Ku tuna watan azumin da ya wuce. Yaya ɗanku yake tsakanin azahar da la'asar? Da an kira magariba, ruwa da kunu ya fara nema, ko fita ya yi da sauri?

Ku lura kuma da ƙari. Wanda ya fara da rabi sai ya koma ɗaya, daga ɗaya sai biyu, domin jiki na sabawa. Ya ce zai daina, ya rantse, ya yi kwana biyu, ya koma. A nan shaye-shaye ya zama cuta.

Ku dubi gida da aljihu

Ƙwaya tana cin kuɗi kullum, ba ta da ranar hutu. Ɗan kabu-kabu ya wuni yana aiki, da dare babu ko dala. Ina kuɗin? Wanda ya dawo daga bida ya ƙarar da abin da ya samo cikin mako biyu. A ina? Jika ɗaya ta ɓace a ƙarƙashin katifa. Tiyar hatsi ta ragu. Damin da ke rumbu bai cika lissafi ba. Kaza ta ɓata, salula ta ɓata, kwanon amarya ya ɓata. Masu bin bashi sun fara sallama a ƙofar gida. Har yaushe za ku ci gaba da ɗora wa ɓera da ɓarawon waje?

Ku duba bayan ɗaki, da bakin darni, da ƙarƙashin tabarma, da cikin sirdin babur. Fankon ƙwaya mai ƙyalli. Ƙananan kwalabe na maganin tari, alhali babu mai tari a gidan. Robar lemo da ba a yarda kowa ya kurɓa. Guntayen takarda da aka naɗe.

Ku dubi hali

Yaron da ke gaishe ku a durƙushe, yanzu yana ɗaga muku murya. Ya bar sallar jam'i. Ya bar wanka. Tsofaffin abokansa sun janye, sababbi kuwa ba sa shigowa gida, daga nesa suke kiransa. Waya na shigowa, ya tashi ya fita. Ƙarya ta yi yawa, har a kan abin da bai kai a yi ƙarya ba. Malamin lakwal ya aiko cewa ba ya zuwa, ko yana barci a aji. Maigida ya daina cefane, ya fara duka, ya fara zargin matarsa ba dalili. Wani ya koma zaman kaɗaici, yana cewa ya gaji da duniya. In kun ji wannan kalma, kada ku bar shi shi kaɗai ko na dare ɗaya.

Kada ku ce wannan na maza ne. Binciken nan na Najeriya ya nuna cikin kowane mutum 4 masu sha, 1 mace ce. Mace a cikin ɗaki take sha, shi ya sa ba a gani da wuri. Wata ta fara ne da ciwon baya bayan haihuwa, ƙawa ta ba ta. Wata don ta iya daka da ɗiban ruwa da aikin gona. Wata don ɓacin ran gidan miji ya hana ta barci. In ɗiyarku ko sarakuwarku ta koma yawan barcin rana, abinci na ƙonewa a wuta, jariri na kuka ba ta ji, ku matsa kusa da ita. In tana da ciki ko tana shayarwa, abin na isa ga jaririn. Rai biyu ke cikin haɗari.

Ku ji wannan kuma da kyau. Alama ɗaya ba hujja ba ce. Zazzaɓin sauro na sa gumi da rawar jiki. Tarin fuka na sa rama. Damuwa na hana barci. Kada ku yi wa ɗanku ƙazafi a bainar jama'a. Amma in alamu uku ko huɗu sun taru a kan mutum ɗaya, sun yi makonni, kada ku yaudari kanku. Ko ƙwaya ce ko wata cuta ce, duk hanya ɗaya ce: gidan likita.

In ya faɗi

Tramol mai yawa na jawo farfaɗiya ga wanda bai taɓa yin ta ba. Saurayi na tsaye sai ya yanke jiki, yana shure-shure, kumfa na fita. Mu nan Arewa abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne iska ta taɓa shi, ko an yi masa jifa. Sai a tafi neman turare da rubutu, shi kuwa gobe ya ƙara sha. Faɗuwa ta gaba za ta iya samunsa a kan babur, ko a bakin rijiya, ko kusa da wuta. Ku yi addu'a, amma ku tambayi abokansa: me ya sha?

In yana shure-shure, ku janye wuta da duk abin da zai ji masa rauni. Ku sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa. Kada ku danne shi. Kada ku cusa cokali ko tsinke a bakinsa. In ya lafa, ku kwantar da shi ta gefe.

In kun tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa ya yi ƙasa ƙwarai, yana wani irin minshari, leɓɓansa da farcensa sun sauya launi, to mutuwa ce ke ƙofa. Kada ku ce a bar shi ya yi barci ya wartsake. Kada ku ɗura masa nono ko man ja ko ruwa, zai shaƙe. Ku nemi mota ko amalanke nan take, ku kai shi gidan likita. Ku tafi da fankon abin da ya sha. Ku faɗa wa likita gaskiya, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Ku yi magana da shi, yau

Ku zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa. Ban da gaban ƙannensa, ban da gaban maƙwabta. In uba ba zai iya riƙe fushinsa ba, a kira kawu, ko gwaggo, ko kaka, duk wanda yaron ke jin nauyinsa. Ku faɗi abin da idonku ya gani: ka rame, ba ka barci, na tsinci wannan a ɗakinka, hankalina ya tashi. Ku tambaye shi yaushe ya fara, me ya kai shi, nawa yake sha a yini. Sa'an nan ku yi shiru ku saurara.

Zai musanta. Zai yi fushi. Zai ce yana iya dainawa duk ranar da ya so. Kada ku karaya. Ku sake komawa gobe, ku sake komawa jibi.

Kada ku yi masa baki. Kada ku kore shi, domin in kun rufe masa ƙofa, ta dilan ƙwaya a buɗe take. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada ku ce a yi masa aure zai natsu, za ku jefa ɗiyar mutane cikin wuta ne. Kada ku tura shi bida don ku huta da ganinsa. Kada ku sa masa mari. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda sun fito da mutane kusan 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Sarƙa na riƙe ƙafa, ba ta cire ƙwaya daga jini da zuciya.

Kada kuma ku biya masa bashin dila, kada ku ba shi kuɗi a hannu. Ku ba shi abinci, ku raka shi asibiti.

Ku fara da gidan likita na CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin Dogon Dutsi ko babban asibitin Dosso, kuma a babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko tramol mai yawa, yanke shi rana ɗaya na iya jawo farfaɗiya. Likita ne ya san yadda ake ragewa sannu a hankali. Ku kuma sani, wanda ya daina na ɗan lokaci sa'an nan ya koma kan adadin da ya saba sha, jikinsa ba ya iya ɗauka kamar da. Nan ake yawan rasa rai. Saboda haka in ya daina, kada ku saki hannu. Ku nema masa abin yi, lambu ko sana'a. Ku raba shi da tsohuwar fada. In ya zame, ku sake ɗaga shi.

Ku da ke da faɗa a ji

Mai gona, in ka ɗauki ƴan ƙwadago ka ga suna jefa ƙwaya a shayi, kada ka kawar da kai don aikinka na sauri. Mai babur, ka dubi idon yaron da ka ba makulli, rayukan fasinja na wuyanka. Mai shayi, ka san abin da ake narkarwa a kofinka. Mai tallar magani, kuɗin da ka samu daga ƙwayar nan, da ɗan wa ka same shi? Dokar ƙasa mai lamba 99-42 ta shekarar 1999 ta tanadi hukunci ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi, kuma akwai hisabin da ya fi na kotu.

Limamai, ku faɗe shi a huɗubar Juma'a da sunansa. Masu gari da masu unguwa, har fadar Samna a Tibiri, ku tara iyaye. Malaman lakwal da na allo, ku kira uban yaro tun ranar da kuka ga canji. Wanda ya san inda ake sayarwa, ya sanar da mai gari ko jandarma. Kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa.

Kai kuma ɗana, ke kuma ɗiyata, in wannan magana ta iso gare ku kuma kun ga kanku a ciki, ku saurare ni. Ba ku lalace ba. Cuta ce ta kama ku, kuma ana warkewa. Ku sami mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ku ce masa: ina sha, na kasa dainawa, ka taimake ni. Ku faɗa yau, tun da ƙafafunku za ku je asibiti.

Inna, Baba, na san abin da ke riƙe ku. Kuna tsoron abin da gari zai ce. To, ku sani gari ya riga ya gani. Mai shayi ya sani, ƴan tasha sun sani, maƙwabta sun sani. Ku kaɗai ake jira. Kunyar kai ɗa asibiti ta kwana nawa ce? Ta fi zaman makoki ciwo? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daren yau, in ya shigo, kada ku yi kamar kuna barci. Ku kunna fitila. Ku kira sunansa. Ku ce ya zauna. Ku dubi idonsa, ku tambaye shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare ƙasar Arewa.